Tunkiya Mai Tabo a Goshi

Tun da na dawo daga Damagaram mutane ba su bar ni na huta ba. A kasuwa a tare ni, a bakin rijiya a tare ni: Nomau, yaya ƙasar Faransi? Me ka je yi? Me ka gano? Ni ba mai yawan magana ba ne, kuma maimaita abu ɗaya yana gajiyar da ni. Shi ya sa na zaunar da malamin firamaren da ke maƙwabtaka da ni, ina faɗa yana rubutawa. Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. In ya gama zan kai wa mutum biyu su karanta mini, kowa daban. Na gaya masa, ya sani.

Aikina koran shanu. Tun ina saurayi nake bin shanun fatake daga Mai'aduwa zuwa Kudu, da a ƙasa, daga baya a saman tirela. Sau uku ana cire rai da ni. Ɓarayin shanu sun sare ni, mota ta kife da mu, rikicin gari ya rutsa da ni na kwana biyu a cikin kwalbati. Tabon da ke goshina na motar ne.

A wannan jinyar na san Saratu. Tuwo take sayarwa a bakin kara, wato kasuwar shanu, a can Kudu, mutuniyar Nijar ce, Kirista. Ba dangina ba ce, ba ta san ni ba, amma ita ta riƙa wanke mini ciwo. Wata rana ina kwance ta ɗauko Littafi Mai Tsarki ta karanta mini labarin wani makiyayi mai tumaki ɗari. Ɗaya ta ɓace, ya bar sauran ya bi sawunta. Da ta zo wurin da ya gan ta, sai ta rufe littafin, ta ɗora tafin hannunta a kai, ta dube ni ta ce tunkiyar baƙa ce, mai taurin kai, da tabo a goshi. Sannan ta sake buɗewa ta ƙarasa: ya saɓo ta a kafaɗa, ya kira maƙwabta a taya shi murna.

Na ce a raina, littafin da aka rubuta tun ba a haifi kakan kakana ba ya san da tabona? Wannan ba aikin mutum ba ne. Daga nan na bi hanyar. Na aure ta, muka dawo ƙauyenmu kusa da Zango. Shekara goma sha huɗu, in na dawo daga tafiya, wurin nan nake cewa ta karanta mini, har ta sa jan zare a shafin. Kullum in ta zo kan tabon sai ta rufe ta ɗora hannu. Na ɗauka ta haddace wurin ne. Sau ɗaya na ji fasto ya karanta shi a Daura bai faɗi tabo ba, na ce rana ta yi ne ya taƙaita.

Ina da wa, Yaya Idi, dillalin shanu. Musulmi ne na gaske. Da aka ƙaddamar da shari'a wasu samari suka fara surutu a kaina, ya fito ƙofar gida ya ce, "Ƙanena ne. Mai magana da shi ya fara biyowa ta wurina." Ba wanda ya taɓa ni. Amma shi kansa bai taɓa daina kirana in dawo ba.

Saratu ta rasu da damina. Allah bai bar mana 'ya'ya ba. Da ta cika kwana arba'in Yaya Idi ya zo da ƙwaryar fura, ya zauna, ya ga littafin a kan tabarma.

"Nomau, mai karanta maka ta tafi. Kai ba ka karatu. Me za ka yi da shi, matashin kai?"

Na jawo littafin kusa da ni.

"Ba faɗa nake maka ba. Malamai sun ce hannu ya shiga cikin littafin nan. An ƙara, an rage, kowace ƙasa da irin nata. Ka dawo gida."

"Ka gani da idonka, Yaya?"

"Kai ka gani da naka?"

Nan ya kama ni. Duk abin da na sani a cikinsa daga bakin mace ɗaya na ji.

A kara muna da yadda muke yi. In aka kawo saniya aka yi shakkar ta sata ce, ba a tara shaidu wuri ɗaya. Ana raba su, wannan a gindin bishiya, wancan a bayan rumfa, a tambayi kowa launinta, da ƙahonta, da lambar jikinta. In bakinsu ya zo ɗaya ba su haɗu ba, saniya ta fita. In ɗaya ya bambanta, shi ake riƙewa.

Na ce, "Zan kai kayan Saratu wurin danginta. Zan tafi da littafin in yi masa binciken saniya."

"Ban da fastocinku."

"Ban da su."

"In ka tarar an taɓa shi fa?"

"Ranar da na dawo, tare za mu yi la'asar."

Ya miƙo hannu kamar yadda ake yi in ciniki ya faɗa, na ba shi nawa. Wanda ya san ni ya san ban taɓa ba da hannu na janye ba. Ban yi binciken a Daura ba, don a shekarun nan yawo da wannan littafi ana tare mutane neman fitina ne. Kuma maganar Yaya ta wata ƙasa ce, sai an je.

Bayan an gama yankan gero na ɗaura akwatinta a bayan babur zuwa tashar Daura. Na sami fijo mai zuwa Damagaram. Mu tara aka cusa, ban da direba da buhunan da ke ƙarƙashin ƙafafunmu. Kusa da ni wata tsohuwa ce mai goro, bakinta ba ya hutawa. Ta ga akwati da kwanuka ta ce, "Kai malam, da furfurarka amarya za ka kai wa?"

"Matata ce ta rasu."

Muka kai Kwangwalam, bakin iyaka. Da za mu sauka ta danƙa mini farin goro.

Iyakar nan na tsallake ta ba adadi, amma ta daji, a bayan shanu, kuma saniya ba ta nuna takarda. Ta titi wannan ne farko. A ɓangarensu igiya suke ɗaurewa a hanya, kowa ya sauko ya bi layi. Wani dogon jandarma ya miƙo hannu. Na laluba aljihu na ba shi kati. Ya duba, ya dube ni.

"Kai ne Saratu?"

Katin asibitinta na ba shi. Girmansu ɗaya da nawa. Duk layin ya fashe da dariya, har direba. Na ba shi ɗayan, ya ce in buɗe akwati. Ya ɗaga zannuwa, ya kai kan littafin a naɗe cikin kallabinta. A gida da sai na yi dogon bayani. Shi ko ya juya shi ya ce, "Linjila ce?" ya miƙo mini.

Na ce, "Ranka ya daɗe, kai Musulmi ne?"

"Alhamdu lillahi."

"Ka iya karanta Hausa?"

"Faransanci na yi a lakwal, makarantar bokonmu, amma baƙaƙen kusan ɗaya ne. Me ya faru?"

Na buɗe masa wurin jan zaren. Ya karanta a hankali kamar mai tafiya cikin ƙaya ba takalmi. Makiyayi, tumaki ɗari, ɗaya ta ɓace, ya bi ta, ya saɓo ta, ya kira maƙwabta. Ya tsaya.

"Ka tsallake," na ce.

"Ban tsallake ba."

"Ina tabon?"

"Wane tabo?"

Direba yana ta danna ƙaho. Jandarman ya ɗaga masa hannu, ya sake bin layukan da yatsa tun daga farko. Ya ce, "Tsoho, abin da ke nan ke nan. Ni me zan ci in na rage maka?"

A mota na ce wa kaina, shaida ɗaya ne, kuma karatunsa da ƙyar ne.

A Matamaye motar ta fara tururi ta mutu. Muka zauna tun hantsi har azahar ta wuce, don a can in rana ta take kowa rufe shago yake ya kwanta, har makanike. Ba wanda zai taso maka ko gidanka ke ci da wuta. Burodinsu dogo ne kamar sandar kiwo, taurin ma kusan ɗaya. Wasu Buzaye a gindin bishiya suka kira ni shayi. Na sha ɗan kofin na yi godiya na miƙe. Babbansu ya riƙe mini riga ya ce a wurinsu sai an sha uku, wanda ya tashi a na farko ya raina masu wuta. Na koma na zauna. Na farko ɗaci, na ukun kamar zuma. Mu a gida kofi ɗaya ne babba, ka shanye ka kama gabanka.

Cikin fasinjoji akwai wata ungozoma, ana ce mata Madam Zainabu. Na ga ta yi sallar azahar, na kuma ga tana karanta wata takarda da Hausa. Lokacin da jandarma ke karatu tana can bayan mota wurin kayanta, ba ta ji ba. Na jira ta shafa addu'a, na gaishe ta, na roƙe ta ta karanta mini wurin. Ta goge hannu ta karɓa. Ita karatunta kamar ruwa. Makiyayi, ɗari, ɗaya, kafaɗa, maƙwabta. Babu baƙa, babu taurin kai, babu tabo.

Ta ce, "Labarin da daɗi, Baba. Amma wane makiyayi ne zai bar garke guda saboda ɗaya?"

"Wanda ya san tumaki. Na garke suna tare. Ta ɓatan ce kura ke jira."

"Ashe kai ma malami ne."

Na karɓi littafina. Ta ba ni dambun zogale a leda, na kasa ci. Shaidu biyu ke nan, ba su haɗa baki ba.

Mun shiga Damagaram da yamma. Na sauka wurin Alhaji Isufu, mai masaukin fatake, wanda ya san Yaya Idi ta harkar shanu. Zaure ɗaya muka raba da masu raƙuma. Garin duwatsu ne, kuma ruwa a wurinsu abin tattali ne. Buta ɗaya aka ba ni, na wanke fuska da ƙafa na zubar da saura, sai na ga duk zauren suna kallona kamar na zubar da mai. Kilishinsu ya fi namu, wannan ba gardama. Suka ba ni cuku, wato busasshen nonon Buzaye, na ɗauka fatar takalmi ce har sai da na ga suna tsoma shi a shayi.

Da safe Alhaji Isufu ya ce, "Jiya ban gan ka a sahu ba, yau ma haka. Lafiya?"

Na gaya masa ni wane ne da abin da ya kawo ni. Ban gaya masa abin da ke cikin labarin ba. Ya shafa gemu ya ce, "Ƙanen Idi ne kai, baƙona ne kai. Sauran tsakaninka da Allah. Amma wannan bincike naka ya burge ni. Bari mu yi shi yadda ya kamata."

Ya aika aka kira wani tela mutumin Togo da ke bayan gidansa, ya zo da littafinsa na Faransanci. Telan ba ya jin Hausa sosai. Lambobin saman shafina kawai ya duba, ya buɗe nasa a daidai wurin. Alhaji ya ce telan ba zai karanta ba tunda Kirista ne. Ya kira abokinsa Malam Abdu, tsohon akawu da ya yi ritaya, Musulmi, ya ce ya karanta ya juya mana da Hausa. Ni kuma aka ce in rufe nawa in zauna a kai.

Malam Abdu ya gyara tabarau. Yana karanta layi da Faransanci, yana faɗa da Hausa. Mutum ne da tumaki ɗari. Ɗaya ta ɓace. Ya bar sauran a daji. Bai daina nema ba sai da ya same ta. Ya ɗora ta a kafaɗa. Ya tara maƙwabta.

"Bai faɗi kamanninta ba?" na tambaya.

Ya sake dubawa. "Tunkiya dai. Ko launinta bai faɗa ba."

Alhaji ya ce, "To, ya dace da naka?"

"Ya dace."

"Ai sai ka yi murna. Me ya sa fuskarka kamar an yi maka sata?"

Maganar Yaya ta kowace ƙasa da nata ta faɗi a wurin nan, na yarda. Amma tawa ta fi faɗuwa. Shaidu uku baki ɗaya, ɗaya ta bambanta. A ƙa'idar kara ita ake riƙewa, kuma wadda aka riƙe matata ce, tana kabari. Abin da ya sa na bar hanyar ubana, na ja wa Yaya surutu shekara da shekaru, babu shi a littafin. Ko an cire shi a ko'ina, ko ita ta ƙirƙira. Ko wanne ne, na ga la'asar tana jirana a gida.

Na ce wa Alhaji zan ba direba akwatin ya kai ƙauyen su Saratu, ni in juya.

Ya ce, "A'a. Kayan mamaci ba a aika shi. Da hannunka za ka kai, ka dubi idon danginta. Bayan nan ka yi abin da ka ga dama."

Gaskiya ya faɗa. Na hau motar 'yan kasuwa zuwa gabas, a saman buhunan gero, tsakanin akuya biyu. Inda titi ya ƙare na sami amalanken shanu. Mai shi yana dukan bijimin ba dalili, na ce ya ba ni igiyar. Na yi wa bijimin magana, ya tafi. Mutumin ya kwanta ya yi barci har muka isa.

Ban taɓa zuwa ƙauyen ba, don a Kudu aka ɗaura aurenmu, kawunta ya tsaya mata. Ƙaramin wuri ne. Musulmi da Kirista rijiya ɗaya, kakanni ɗaya. Na hango wata mace tana tahowa da tulu, na tsaya cak, don tafiyar Saratu ce sak. Yayarta ce, Hannatu. Labarin rasuwar ya riga ni zuwa ta bakin fatake. Ta ga akwatin ta ajiye tulu ta zauna a ƙasa.

Suka yi kuka, suka buɗe kaya, suka yanka mini zabo. Furarsu nono ya fi gero yawa. Na ci don kada a ce na ƙi. Washegari da hantsi, mutane na zaune a gindin bishiya ana karɓar gaisuwa, na ce ina da magana.

"Yaya, ƙanwarki ta yi mini ƙarya."

Hannatu ta juyo ta dube ni. Ta ce, "Faɗi, ƙanena. Ina ji."

Na faɗa duka, tun daga jinya har Malam Abdu. Ta ja gefen zane ta rufe baki, kafaɗunta na rawa. Na ɗauka kuka take. Ashe dariya ce, da hawaye tare.

Ta juya ga wani tsoho mai sanda ta ce, "Ɗan Baba, taka tunkiyar wace iri ce?"

"Gurguwa ce mana. Ƙafar hagu."

Wata tsohuwa ta ce, "Tawa ido ɗaya gare ta."

Wani ƙato daga baya ya ce, "Tawa mai shiga gonar mutane ce."

"Har yau ba ta daina ba!" in ji tsohuwar. Kowa ya yi dariya, a wurin makoki.

Hannatu ta share ido ta ce, "Babanmu ne farkon wanda ya iya karatu a garin nan. Ba mai iya duba shi, ko me ya faɗa sai a yarda. Shi ya sa ya kafa wa kansa doka. In littafi yana buɗe, ba ya ƙara ko tari. In zai faɗi nasa, sai ya rufe, ya ɗora hannu a kai kowa ya gani. Sannan ya dubi mutum ya sa wa tunkiyar kamanninsa. Haka ya koya mana. Saratu ta sha ranƙwashi tana yarinya don ta ƙara magana littafi a buɗe. To gaya mini, lokacin da take faɗin tabon nan, a buɗe yake ko a rufe?"

Na zauna ina bin shekarun ɗaya bayan ɗaya, kamar mai duba garke da safe. Na ga hannunta, da ƙunar murhu a bayansa, a kan bangon littafin. A Kudu, a ɗakinmu, a kan gadon da ta rasu. Ban sami ko sau ɗaya da yake a buɗe ba.

"A rufe."

"To ina ƙaryar?"

"Ba ta gaya mini ba."

"Ta ɗauka ka sani. Nan ba wanda ake gaya wa, gani ake yi. Kai ma ka gani shekara goma sha huɗu, tambaya ce ba ka yi ba."

Wannan ma gaskiya ne. Ni ba na tambaya.

Ta shiga ɗaki ta fito da littafin ubansu a naɗe cikin fatar akuya. Ya girme ni. Takardunsa sun yi ja kamar busasshen ganye. Ɗan Baba, wanda manomi ne ba fasto ba, ya karanta wurin. Hausar ta tsofaffi ce, wasu kalmomin rabona da jin su tun kakata, amma makiyayin shi ne, tunkiyar ita ce, ba ƙari ba ragi.

Na ce, "To in babu tabo a ciki, ta yaya zan san da ni ake?"

Ɗan Baba ya rufe littafin. Ya ɗora hannu a kai, ya tabbata na gani, sannan ya ce, "Da an rubuta tabonka, ni ina zan shiga da ƙafata?"

Ban yi kuka ranar da aka binne Saratu ba. A gindin bishiyar nan na yi, gaban mutanen da ban sani ba. Ba wanda ya ce in yi shiru.

Kwana huɗu na yi a wurinsu. Na gyara musu turken shanu, na cire wa wata saniya ƙaya a kofato. Da zan taho Hannatu ta raba kayan ga dangi, amma ta mayar mini da littafin da kallabin. Ta ce, "Wannan naka ne. Ka nemi mai karanta maka, ka riƙa kallon hannunsa."

Na biya na gode wa Alhaji Isufu, ya haɗa ni da kilishi in kai wa Yaya. A wurin igiya na tarar da dogon jandarman nan. Tun daga nesa ya ce, "Saratu! Ka sami tabon?" Na ɗaga hula na nuna masa goshina. Ya yi dariya ya sauke igiya.

Mutanen nan ba wanda na taɓa yi wa komai. Jandarma, da ungozoma, da Alhaji, da tsohon akawu, littafin ba nasu ba ne, kuma ba wanda ya rage mini ko ya ƙara don ya ja ni wajensa. Na gode musu. Allah ya saka musu.

Ranar kasuwa na sami Yaya Idi a Mai'aduwa, yana duba haƙoran wani bijimi. Ya gan ni ya saki bakin dabbar, ya goge hannu a riga.

"Ka dawo."

"Na dawo."

"Shaidu nawa?"

"Huɗu. Uku Musulmi. Littafi uku, ɗaya da Faransanci, ɗaya ya girme ni."

"A rabe?"

"A rabe."

"Bakinsu?"

"Ɗaya."

"Ba ka sami ƙari ba ko kaɗan?"

"Na samu. Na Saratu ne. Kuma sai da ta rufe littafin take faɗa."

Na ba shi labarin yadda yake. Ya saurara har ƙarshe, bai katse ni ba. Sannan ya ce, "Wuri ɗaya ka gwada a littafi mai kaurin nan."

"Wuri ɗaya. Shi ne wanda na tsaya a kai, kuma ya tsaya. Sauran zan bi su a hankali, na san hanya yanzu."

"Ni ina nan kan abin da malamaina suka gaya mini."

"Na sani, Yaya."

Aka kira la'asar. Ya dubi masallacin kasuwa, ya dube ni. Bai ce in taso ba. Dillali ne, ya san lokacin da saniya ta fita. Ya ɗauki buta, ya yi taku biyu, ya juyo.

"Makiyayin nan naka, da ya daɗe yana nema, ya gaji ya bari?"

"Bai bari ba."

Ya sa babban yatsa ya danna tabon goshina, kamar yadda yake duba lambar saniya.

"To ni ma ba zan bari ba. Riƙe mini bijimin nan in dawo."

Na riƙe.